Ranar da Barira Ta Ce Albarka

Duk wanda ya zauna a Unguwar Marke, ƙauyenmu da ke tsakanin Gezawa da Zakirai, ya san Yaya Barira ko da bai taɓa ganin fuskarta ba, domin muryarta tana riga ta isa ko'ina. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, in tana tafe sai ka ce ɗibar wuta aka aike ta. Ni Kulu na yi shekaru ina aiki a gefenta a masussuka, kuma har yau ban ga macen da ta iya shiƙa kamarta ba. Takan ɗaga ƙwarya sama da kanta, ta ɗan saurara ta ji ta inda iska ke zuwa, sannan ta saki. Tsaba ta zubo gabanta tas, ƙaiƙayi ya kama gabansa. Ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta, kuma tun daga lokacin nake jin haushin yadda ake ba da labarinta. Wai mace ce mai faɗa. Faɗa kam tana da shi, ni ma ina da nawa. Amma abin da ta yi mana ciniki ne, kuma shi nake so a sani.

Mahaifiyarta 'yar awo ce a kasuwar Gezawa. A gindin tasar hatsi Barira ta yi wayo, tana jin mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a sallama. Da ta girma aka kawo ta garinmu gidan Malam Sama'ilu, mutum mai sanyin hali wanda sai ya auna magana sau biyu kafin ya fitar da rabinta. Gona yana da ita, in za a kira ta gona. A ƙasarmu mutane sun yi wa ƙasa yawa. Gonar kakansa aka raba wa 'ya'ya, aka sake raba wa jikoki, abin da ya zo hannunsa in ya yi atishawa a tsakiyarta maƙwabta huɗu ne za su yi masa addu'a. Saboda haka shi yana zuwa ƙodago a gonakin masu hali, ita kuma da kaka tana fita sussuka.

Ga yadda abin yake a da. Namiji in za shi ƙodago, ba ya sa fartanya a ƙasa sai an yi magana. Ko na yini ne ko jinga, mai gona zai taya, shi ya ce albarka, su zagaya gonar tare, su ja, su daidaita. Mu kuwa mata, waɗanda shekaru ko rashi suka fitar da mu daga kulle, ba a ma kiran namu aiki. Taimako ake ce masa. Sai a aiko a ce Alhaji na son a kama masa sussuka. Mu kwashi turame da taɓare mu tafi, mu wuni muna daka, ƙaiƙayi na cin wuyanmu har cikin zani. In an gama a ɗebo abin da aka ga dama a zuba mana. Ki ce Allah ya ƙara arziki, ki ɗauki ƙwaryarki ki kama hanya. Tambayar abin da za a ba ki kafin aiki abin kunya ne, sai a ce idonki ya buɗe da yawa. Abu ɗaya dai tabbas ne, hatsi ake ba mu. Wannan ma raini ne a lokacin, kuɗi na maza ne, mace kuwa ƙwarya ta ishe ta.

Sai shekarun Sap suka shigo, tsarin nan na gwamnati da ya karya darajar naira, ga shi damina ta ɗauke gero bai gama ƙosawa ba. Wanda bai ga shekarun nan ba, kada ya ce mini ya san tsada. Kuɗin da namiji ke kawowa daga ƙodagon yini, wanda a da yake cika tukunya har a yi ɗumame, ya koma ba ya sayen kwano guda. A gidan Yaya Barira akwai yara huɗu da tsohuwa, mahaifiyar Malam Sama'ilu. Da aka ɗauko ɗan abin da gonarsu ta yi, ta leƙa rumbu sau ɗaya ta san ba zai kai su bazara ba. A ɗakin girkinta akwai zangarniyoyin gero da ta zaɓa da hannunta ta rataye wajen hayaƙi, irin shukar baɗi ke nan. In yunwa ta kai su ga sauke irin nan su ci, ba abin da za su sa a ƙasa in ruwa ya sauka, kuma a shekarar ba mai ba ka iri ko ɗan'uwanka ne. Abin da zai tsare irin nan a inda yake shi ne abin da za ta samo a masussukar Alhaji Kamilu.

Alhaji Kamilu shi ne babban manomin garinmu. Yana da gonaki, yana da shanun da ke ba shi taki, kuma shekarar ya sayi damin gero ba iyaka a hannun waɗanda suka matsu. Kada in ɗora masa abin da bai yi ba, ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ba ya barci a kan abin da zai amfane shi.

Ana cikin haka, da farkon kaka, wata yarinya ta sauka a motar kasuwa da jakarta. Sunanta Asiya, ɗaliba ce a jami'a a Kano, tana karatun tattalin arziki. Ta ce bincike take yi a kan yadda ake biyan maza da mata ladan aikin gona. Mai unguwa ya sauke ta a gidan Yaya Barira, wataƙila don ya san a can ba za ta rasa mai yi mata magana ba. Doguwa ce mai yawan dariya, ba ta da ƙyamar abincinmu, shi ya sa muka saki jiki da ita. Wata rana da yamma muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidan, mu wajen shida, sai ta jefo tambayarta.

"Inna, nawa ake biyanku a sussuka?"

Muka kwashe da dariya. Yaya Barira ta ce, "Biya? 'Yar nan, mu ba leburori ba ne. Taimako muke yi."

"To in kun yi taimakon, me kuke samu?"

"Abin da aka ba mu."

"In ba ku je ba fa, wa zai yi?"

Nan dariyar ta tsaya. Asiya ta ce ta yi wa maza irin tambayar nan, kowanne ya ba ta amsa nan take ba tare da ya yi tunani ba, mu kuwa duk macen da ta tambaya sai ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce kafin ta zo wurinmu ta zauna a wani ƙauye can wajen Makoda, inda mata ba sa ɗaga taɓarya sai an yanka magana, kwano biyu a kowane buhu.

Yaya Barira ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. "Matan ne ke cinikin?"

"Su da bakinsu."

"Musulmi?"

"Musulmi, Inna, da mazajensu da limaminsu."

Yaya Barira ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin girki. Can ta ce, "Ke da kika yi karatun kuɗi, gaya mini gaskiya. Kuɗin nan zai dawo hayyacinsa?"

Asiya ta ce ba ta sani ba, malamansu ma gardama suke yi a kai. Abin da ta sani kawai, kwanon gero na yau kwano ne har gobe, naira kuwa ba ta da wannan alkawarin. Ba ta ce mana mu yi kaza ba, ta ce ita aikinta tambaya ne. Amma ni da nake zaune kusa da Yaya Barira na ga ƙafarta tana kaɗawa, kuma na san abin da wannan ke nufi.

Ashe shi ma Alhaji Kamilu ya yi nasa tunanin. Hatsi ya yi daraja, kuɗi ya faɗi, don me zai ci gaba da zuba wa mata gero? Ga shi ya yi magana da wani ɗan kasuwa zai turo mota ranar kasuwar Gezawa ta kwashi buhuna. Sai ya yi abin da duk namijin garinmu zai yi a matsayinsa, tun da ba a ciniki da matar wani. Bayan sallar La'asar ya tsayar da mazan gidajenmu a ƙofar masallaci, ya ce bana zai ɗaga darajar iyalinsu, kuɗi zai biya, na yini. Mazan suka ji daɗi, baki har kunne. Ni da nake zawarci a gidanmu, yayana ne ya amsa a madadina, ko tambayata bai yi ba.

Ina gidan Yaya Barira lokacin da Malam Sama'ilu ya shigo, fuskarsa cike da fara'a, abin da ba kasafai ake gani ba.

"Barira, albishirinki."

"Goro."

"Alhaji ya ce bana kuɗi zai ba ku, kamar maza."

"Kamar maza?"

"To, ƙasa da na maza kaɗan."

"Wa ya sallama?"

"Mu mana. Duk muna wurin."

Na zaci za ta ɗaga murya, har na fara gyara zama. Sai ta yi magana a hankali, abin da ya fi faɗanta ban tsoro. "Malam, akuyata in za a kai ta kasuwa, wa ke faɗin kuɗin da za a sallama?"

"Ke mana, ai taki ce."

"To akuyata ta fi hannuna daraja ke nan?"

Malam Sama'ilu ya cire hula ya mayar. Ya ce ya riga ya amsa, a gaban masallaci, gaban mutane. Ta ce ta ji, kuma ba ta raina maganarsa ba, amma abin da ya amsa nasa ne, ita ba wanda ya tambaye ta. Ya juya ya fita. Tausayinsa ya kama ni, domin shi a ransa alheri ya kawo mata.

Kashegari da hantsi muka shiga gari, ita a gaba ni a baya, gida gida. A kowane gida maganarta ɗaya ce: ba ma ɗaga taɓarya sai an yi ciniki da mu, kuma da hatsi. Wasu suka ce kuɗi ai kuɗi ne, ya fi babu. Wasu suka ce in Alhaji ya yi fushi ya nemo wasu fa, mun rasa kaka gaba ɗaya. Yaya Barira ba ta yi wa kowa alkawarin nasara ba. Cewa take yi, "Ni ma tsoro nake ji. Irina na rataye a ɗakin girki, kullum sai na kalle shi. Amma in muka karɓi takardar kuɗin nan bana, kafin bazara ko gishiri ba za ta saya ba." Wata da mijinta ya rasu ta ce ita ba ta da abin sa wa a tukunya ko na gobe, dole ta je. Yaya Barira ta koma gida ta ɗebo mata daga ɗan abin da ke rumbunta. Na ce mata, "Yaya, kina rage wa kanki." Ta ce ta sani, in yi shiru.

Daga nan muka tsallaka rafi zuwa Gidan Shago, unguwar Kiristoci, inda mata ke noma da kansu kuma ba wanda ya kai su ƙarfin daka. Kowa ya san in muka ƙi, can Alhaji zai aika. Babbarsu Susanna ƙawar Yaya Barira ce tun suna 'yan mata a kasuwar Gezawa. Ta saurare mu tana tsefe kan jikarta, sannan ta yi murmushi.

"Ƙawa, in ya aiko za mu zo, ba a ƙin kiran Alhaji," in ji ta. "Amma inda kika zauna, nan za mu zauna."

Ranar da aka sa za a fara sussuka, aka fito da dami aka tara a masussuka kamar ɗaki. Gidan Yaya Barira a bakin gari yake, ta kafar zana ana hangen wurin. Mu kuwa duk muna tsakar gidanta, mun cika shi har bakin rumbu, masu kitso na yi, masu ɓarar gyaɗa na yi, kowa na magana da ƙarfi don ta ɓoye tsoronta. Asiya na gefe, idonta kamar zai faɗo. Rana ta ɗaga, ba mace ko ɗaya a masussuka. Muka ga Alhaji ya tura mai keke wajen rafi.

Bayan Azahar sai ga su. Matan Gidan Shago sun jero a layi, kowacce da taɓarya a kafaɗa, Susanna a gaba. Muka yi cincirindo a jikin zana, har sai da Yaya Barira ta ce za mu kayar mata da danga. Suka isa masussuka, suka durƙusa suka gaida Alhaji da ladabi, ya amsa yana murmushi yana nuna musu inda za su fara. Sai suka miƙe, suka zagaye tarin damin, suka miƙo hanyar gidan Yaya Barira. Wayyo daɗi! Na ga tsofaffin da gwiwa ta hana su zuwa biki suna rawa a tsakar gida ranar.

Alhaji bai karaya ba. Ya kira maza 'yan ƙodago ya ba su sanduna, suka baza zangarniya a ƙasa suka hau bugu. Bugu kam sun iya, ba zan hana su nasu ba. Kafin wani lokaci sun tara tsibi guda, tsaba da ƙaiƙayi da karmami duk a cakuɗe. Sai aka zo wajen shiƙa, kowa ya fara duban ɗan'uwansa. A garinmu ba namijin da ya taɓa ɗaga ƙwaryar shiƙa a bainar jama'a, aikin mata ne, in ka yi sai an shekara ana yi maka waƙa. Malam Sama'ilu ne ya fito, saboda shi yana ganin ya ba da magana kuma dole ya cika ta. Ya cika ƙwarya, ya ɗaga, ya tsaya iska na dukan fuskarsa. Da ya saki, ƙaiƙayin ya dawo masa ido da gemu, saura ya bi ta kan babbar rigar Alhaji, geron kuma ya zube a inda ya fito, yadda yake.

Muka fashe da dariya a bayan zana, wasu har da faɗuwa. Da na waiwaya na ga Yaya Barira ba ta dariya. Idonta ya cika da hawaye.

"Ku bari," in ji ta. "Mijina ne."

Kunya ta kama mu. Mutumin nan ya sake cika ƙwarya ya sake gwadawa, yana murza ido, har Alhaji da kansa ya ce ya ajiye.

Tsibin nan ya kwana ya wuni a fili. Kajin gari suka gano shi, tururuwa ta kafa layi, awaki suka hana masu gadi zama. Ranar kasuwar Gezawa na matsowa. Mu ma ba daɗi muke ji ba, kada a ɗauka biki muke yi. Rumbun Yaya Barira na ta sauka saboda ba mutum ɗaya ta ɗebar wa ba, kuma an fara raɗe-raɗin wasu za su sulale su karɓi kuɗin. Sai Allah ya kawo hadari. Ruwan da muka yi ta roƙo lokacin da gero ke bukata bai zo ba, sai yanzu ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. In ya sauka a kan tsibin nan, geron zai jiƙe ya tsira, asarar kuwa ta kowa ce, har da mu.

Alhaji ya aiko Malam Sama'ilu ya ji abin da muke so. Yaya Barira ta kawo masa ruwa ya sha, ta cire masa wani ƙaiƙayi da ya maƙale a wuyan riga, sannan ta ce, "Malam, ka gaya masa mai aiki ke ciniki. Ga zaure nan."

Ban yi zaton zai zo ba, amma ya zo. Ya tsaya a ƙofar zaure daga waje, tun da ba ya shiga gidan wani. Ita ta tsaya daga ciki ta ja mayafi, mu kuma mun cushe a bayanta har tsakar gida. Malam Sama'ilu na tsakiya ya rasa inda zai sa idonsa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, kamar ba abin da ke faruwa.

"Barira, ashe haka za mu yi da ke?" in ji Alhaji. "Shekara nawa kuna taimakona?"

"Da yawa, Alhaji. Shi ya sa muka san nauyin aikin."

"To me kuke so?"

"Ai ba mai kaya ke fara magana ba, Alhaji. Ka taya."

Na ji ya yi 'yar dariya ta wanda aka kama. Ya dubi gabas, ya dubi ƙasa, ya ce, "Kwano ɗaya a buhu."

Muka dubi juna. Kwano ɗaya a buhu ya fi duk abin da aka taɓa zuba mana a ƙwarya, kuma da ni ce a gaba wallahi da na karɓa da gudu. Yaya Barira ta kama wuyan hannuna ta baya. Matar da ake jin muryarta daga rijiya, sai da ta buɗe baki sau biyu kafin magana ta fito, kuma da ƙyar na ji ta.

"Albarka."

Susanna ce ta fara rangaɗa guɗa daga tsakar gida, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Ni kuka na kama yi, ban san dalili ba. Tun da aka kafa garinmu ba macen da ta taɓa faɗin kalmar nan a kan aikin hannunta.

Daga nan muryarta ta dawo, 'yar mai awo ta tashi. Ta ce uku. Alhaji ya yi salati ya ce so take shi ma ya koma ƙodago. Ya ce ɗaya da rabi, ta ce albarka, wannan karon har na waje sun ji. Ya ce ta ji tsoron Allah, ta ce da tsoronsa ta fito. Iska mai sanyi ta taso ta kaɗa masa riga. Ya ce biyu, kuma ba zai ƙara ko ƙwaya ba.

"Da kwanon da kake awo in za ka sayar," in ji ta, "kuma a cika shi yadda ake cika wa ɗan kasuwa."

"Na yarda."

"Na sallama. Allah ya ba mu alheri." Maza in sun gama ciniki hannu suke ba juna, ita kuwa ba hali. Sai ta juya wajen mijinta ta ce, "Malam, kai ne shaida." Malam Sama'ilu ya gyara tsayuwa, ya miƙa wa Alhaji hannu, ya ce ya shaida. Na ga kafaɗarsa ta ɗago a karo na farko tun ranar ƙwaryar nan.

Ba mu tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba muka kwasa a guje. Masu shiƙa suka jeru a kan tsibin da maza suka buga, Yaya Barira a tsakiya tana nuna inda za a tsaya, sauran muka kafa turame a kan ragowar damin. Matan Gidan Shago suka tayar da lugude, mu muka amsa, taɓare na tashi sama ana tafawa ana cafewa. Mazan da suka tsaya kallo, da suka ga hadari na matsowa, suka shiga ɗinkin buhu da ɗauka ba wanda ya sa su. Asiya ta ajiye jakarta ta karɓi taɓarya, ba a jima ba tafin hannunta ya yi bororo, ta ƙi saki, muna yi mata kirari tana dariya. Yayyafi ya fara muna kan buhunan ƙarshe, ruwan bai sauka sosai ba sai da aka rufe komai. A rumfar Alhaji aka auna mana namu, kwano na cika har yana zuba. Yaya Barira ta raba daidai, da mu da matan Gidan Shago, ba ta ɗauki ko ƙwaya fiye da kowa ba.

Da sauran masu hali suka ga haka, ba wanda ya sake tsayar da mazajenmu a ƙofar masallaci, zaure suke zuwa. Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai, an sha wuya, an ci tafasa da rama ba adadi. Amma irin Yaya Barira na nan a rataye har ruwan shuka ya sauka, ta hau turmi ta sauko da shi da hannunta. Asiya ta dawo bayan wani lokaci ta ce ta gama karatun, kuma labarinmu na cikin abin da ta rubuta, sai dai ta sakaya sunaye kamar yadda ƙa'idar bincike ta ce. Yaya Barira ta yi mata tatas. Wai ita ta tsaya gaban Alhaji ta yi ciniki da bakinta, sannan a rubuta wata mata? Asiya ta yi ta ba da haƙuri tana dariya, ta ce laifin malamansu ne. To ni ba ni da malami, shi ya sa na rubuta sunanta a sama.

Abin da na fi tunawa ya faru ne da daminar nan, lokacin noman farko, sa'ad da hatsi ya kai ƙarshen tsadarsa. Na shiga gidansu da safe aron rariya, na tarar Yaya Barira na dama wa yara kunu da geron sussukar nan. Malam Sama'ilu ya fito da fartanya a kafaɗa za shi jinga gonar Alhaji. Ya kai bakin zaure ya tsaya, ya dawo, ya yi gyaran murya. Da ya gan ni ya so ya fasa, sai kuma ya daure.

"Barira, ni ma bana da hatsi nake so a biya ni, irin naku," in ji shi. "In Alhaji ya taya, nawa zan ce?"

Ta ci gaba da dama kununta ba ta ɗago ba, amma na ga gefen bakinta na motsi. Ta zuba masa a kofi ta miƙa masa da hannu biyu.

"Kada ka yi saurin faɗin komai, Malam," in ji ta. "Ka fara cewa albarka."